Haƙƙin Gefe

Masu karatu, ku gafarce ni da shirun wata ukun nan. Wasunku sun biyo ni ta saƙo da tsiya, wai ko Mai Alli ya ɗauke ni ne ban gayyace su ba. Ina ma hakan ne. Abin da ya riƙe mini hannu ya fi ƙarfin wasa, yau kuma na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. Ƙarya na yi wa mahaifina, ita ce kuma maganar kirki ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda yau suka fara bina. Baba ma'aikacin safiyo ne, shekara talatin da ɗaya yana awon filaye. Ni kaɗai Allah ya ba shi, don haka tun ina 'yar shekara tara ni ce mai riƙe masa bakin tef duk lokacin hutu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Uwata. Burinsa a duniya ɗaya ne, in shiga makarantar safiyo in gaji jakarsa ta fata da ke rataye a bayan ƙofar falo. Makarantar ba ta ɗaukar wanda ba shi da kiredit a lissafi, ni kuwa sau biyu ina zana jarrabawar, sau biyu lissafi yana maido ni gida. Duk sauran darussan na haye lafiya. Gwaggo, yayar Baba, har waƙa ta mayar da abin, wai 'yar mai awo ce lissafi ya auna ya ga ba ta cika mudu ba.

Gaskiya x da y ba su taɓa ƙaunata ba, ni ma ban matsa musu ba. Amma akwai tambaya ɗaya da nake shiga ɗakin jarrabawa ina addu'ar ta fito, wato a ba ka fili mai karkataccen gefe a ce ka ƙiyasta faɗinsa. Wannan kam a rana na koye ta, ba a aji ba. In fili ya kasance gefe ɗaya a miƙe, ɗaya gefen kuma yana bin lanƙwasar rafi, Baba sai ya ja tef a miƙaƙƙen gefen, ya kafa turaku a tazara iri ɗaya, daga kowane turke ya auna zuwa bakin rafin. Daga nan sai ya zauna a inuwa, ya lashi bakin fensir, ya rera mini karatun kamar mai lallashin jariri: na farko da na ƙarshe a haɗa a raba biyu, na tsakiya a kwashe su yadda suke, a tara duka, a ninka da tazarar turke.

Amma Baba ba ya tsayawa a nan. In ya gama sai ya miƙe, ya ƙanƙance ido ya bi gefen rafin da kallo, ya ɗan ƙara wani abu a kan amsar. Ya ce lissafin yana ɗauka daga wannan awo zuwa wancan layi ne miƙaƙƙe, alhali ƙasa ta yi ciki ta fita waje, kuma wannan ɗan cikin da ya fita na mai fili ne. Haƙƙin gefe yake kiransa. Yakan haɗa babban yatsa da manuni kamar mai barbaɗa gishiri, ya ce, “Uwata, igiya ba ta san lanƙwasa ba, amma ido ya sani. Kar ki bari igiya ta ci haƙƙin mutum.” Na taso ina ƙara haƙƙin gefe yadda wasu ke sa aya a ƙarshen jimla, ban ma san ina yi ba.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Muka fito da gadon ƙarfe falo, muka kafa shi jikin taga don ya riƙa ganin titi. Kwalaben magani suka kori furannin robar Umma daga kan kabad, falon da a da yake ƙamshin turare ya koma warin man zafi da sabulun wanki. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi, kalma uku kawai ciwon ya bar masa: Uwata, to, da a'a. Amma kansa garau yake. Kullum bayan azahar nakan jawo kujera 'yar tsugunno kusa da gadon in riƙa karanto masa lambobi, shi kuma yana buga yatsan hagu a ƙarfen gadon. In na faɗi amsa sai ya ɗaga yatsu biyun nan, in ƙara, ya ce to. Wannan sa'a ɗayar ce kaɗai a yini da fuskarsa ke komawa ta mutumin da na sani.

Umma ta gaji, kuma ban ga laifinta ba. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, bayanta har ya fara ranƙwafawa. Ranar da na ce zan sake zana jarrabawar karo na uku, ba ta ɗago daga zanin gadon da take ninkewa ba ta ce wannan ne na ƙarshe, in ban ci ba in haƙura. Gwaggo ta karɓe zancen, ta ce ga keke a shagon ɗinkinta yana jirana, ga kuma malamin nan da ya kusa cinye takalminsa a ƙofar gidanmu, me ya rage wa mace in ba taurin kai ba. Duk a gaban Baba aka yi, yana ta faɗin a'a, a'a, ba wanda ya juya.

Malamin da take nufi shi ne Mai Alli. Haka na ajiye lambarsa a waya, don ban taɓa ganin baƙin wandonsa ba tare da shatin yatsu biyar na alli a cinya ba. Yana koyar da lissafi a wani ajin share fage da ke saman kantin magani, kuma duk shekara yana cikin waɗanda ake kira duba takardun jarrabawa. Mutum ne mai sanyi, mai yawan gyara tabarau in kunya ta kama shi. Duk Asabar da la'asar yakan zo cikin shuɗiyar rigarsa mai dogon hannu, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ba shi labarin gari kamar yana jiran amsa. Tun farko ya gaya mini ba zai turo manyansa ba sai na gama da jarrabawa. Ina sonsa, ban taɓa ɓoye muku ba.

Saura mako uku jarrabawa ya ba ni tsofaffin tambayoyi na yi, ya zauna a barandarmu da jan biro yana dubawa. Ina kallonsa yana soke x da y ɗina ban damu ba, jira nake ya iso tambayar fili ya yaba. Da ya iso sai biron ya tsaya.

“Wannan ukun daga ina ta faɗo?”

“Haƙƙin gefe ne.”

“Haƙƙin wa?”

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da yatsu biyun. Sai ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa yaro in ya faɗi abin ban sha'awa ce, amma ta sauka mini a ƙirji kamar ruwan zafi. Ya ce abin da Baba ya koya mini shi ne ainihin ƙa'idar tirafiziyam, sai dai ita ƙiyasi ce, kuma ƙiyasin ake tambaya. Mai duba takarda yana da amsa ɗaya a gabansa, in taki ba ta yi daidai da ita ba sai ya soke ya wuce, takardu ɗari na jiransa. Ga shi kuma ba na rubuta fomula, jera lambobi kawai nake yi irin na littafin Baba, don haka makin hanya ma ba na samu. Ya tara makina gaba ɗaya ya ce a bakin kiredit nake rataye, maki biyu ko uku ne tsakanina da shi.

Sai ya cire tabarau ya tambaye ni a hankali ko haka na yi a jarrabawa biyun da suka wuce. Na ce haka na yi. Mai sayar da ruwa ya wuce da kurarsa. Tambayar da nake fitowa ina taƙama da ita, wadda nake rugowa gida in ba Baba labarinta, ashe ita ce nake zubarwa da hannuna.

Washegari bayan azahar na jawo kujerata kamar kullum, amma zuciyata a cushe take. Na karanto lambobi, ya buga yatsa, na faɗi amsa. Ya ɗaga yatsu biyun. Na yi kamar ban gani ba, na buɗe shafi na gaba. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen gadon, ya sake ɗaga su har kusa da fuskata.

Wallahi da na san nauyin abin da zai fito daga bakina da na haɗiye shi. Na ce, “Baba, malam ya ce kuskure ne. Ya ce shi ya kayar da ni sau biyu.”

Hannun ya daɗe a sama kafin ya sauko. Ya dube ni, ya dubi jakar da ke bayan ƙofa, ɓarin bakinsa mai rai ya motsa amma ba abin da ya fito, don a cikin kalmominsa uku babu wadda za ta ɗauki abin da yake son faɗa. Sai ya juya fuska bango. Ranar ko shayi bai karɓa ba. Umma ta same ni a kicin ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, mutumin da ciwo ya ƙwace wa komai ya bar masa abu ɗaya, shi ne na je na karɓe. Daga ranar bai sake neman mu yi lissafi ba. In na jawo kujerar sai ya lumshe ido kamar mai barci, alhali ina ganin yatsansa yana motsi a ƙarƙashin bargo.

Na tura wa Mai Alli saƙo: “Na gaya wa Baba. Ya daina cin abinci.”

Ya amsa nan take: “Subhanallah. Ban ce ki gaya masa ba.”

“Amma ka ce kuskure ne.”

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Daga ƙarshe abin da ya shigo shi ne: “A jarrabawa kuskure ne. Ki rubuta fomula, ki ba da amsa ɗaya tak. In kika ba da biyu za a soke duka. Ki ci tukuna, sauran mu gyara daga baya.” Na yarda da shi, don a lokacin na ɗauka akwai wani daga baya.

Ranar jarrabawa na sa doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na zuba biro biyu, rula da katin shaida a 'yar jakar leda. Na durƙusa gaban gadon na ce zan tafi. Ya nuna bayan ƙofa da haɓa. Umma ta sauko da jakar, ta kakkaɓe ta, ya lalubo aljihun gefe da hannun hagu ya fito da guntun fensirinsa, wanda ya feƙe da reza har ya koma tsawon ɗan yatsa, duk jikinsa shatin haƙori. Ya sa mini a tafin hannu ya rufe da yatsunsa. Na jira ya ɗaga yatsu biyun, bai ɗaga ba. To kawai ya ce.

Tambaya ta tara ce. Gona a bakin rafi, har da zanenta, turaku shida a tazarar mita biyar-biyar, awon kuma shida, sha ɗaya, sha huɗu, sha biyar, sha uku, takwas. Na rubuta fomula da biro tsaf yadda Mai Alli ya koya mini. Shida da takwas sha huɗu, rabinsu bakwai. Na tsakiya hamsin da uku. Duka sittin, sau biyar, murabba'in mita ɗari uku cif. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da na tashi daga nan da an wuce wurin. Amma idona ya koma kan zanen, ga gefen rafin ya yi ciki ya fita, ga ɗan abin da ke tsakanin layi da lanƙwasa a kowane yanki yana kallona. Ban yi wani lissafi ba, idona ne ya ce biyar. Kafin in ankara fensirin Baba yana hannuna, na rubuta ɗari uku da biyar a ƙasan amsar. Na zauna ina kallon lambobin nan biyu, ɗaya da biro, ɗaya da fensir. Mai sa ido ta ce saura minti biyar. Na tuna keken Gwaggo, na tuna bayan Umma, na tuna cewa ita kanta makarantar safiyon da Baba ke mafarki ba ta buɗuwa sai da wannan maki biyun. Na ari magogi wurin ta kusa da ni na goge ta fensirin. Na goge, na sake gogewa har takardar ta yi laushi ta kusa hujewa, na hure garin, na miƙa.

Da na dawo na tarar an jingina shi da matasai yana kallon titi, Umma ta ce tun da na fita bai yarda an kwantar da shi ba. Ban ko cire mayafi ba na durƙusa. Na ce ta fito, Baba, gona a bakin rafi. Na karanto masa lambobin shida, yatsansa ya hau ƙarfen gado a karo na farko cikin mako uku. Da ya iso ɗari uku sai ya tsaya. A hankali, kamar mai tsoron a sake marinsa, ya ɗaga yatsu biyun, bai kai su sama sosai ba, ya dube ni.

“Na ƙara, Baba,” na ce. “Biyar na ƙara.”

Rabin fuskarsa ya yi dariya, ɗaya rabin hawaye na bin sa. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini yatsu biyar, ya gyaɗa kai, wato shi ma abin da zai ƙara ke nan. Ya ce Uwata, ya sake cewa Uwata. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari, Umma ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka tana sauka a kaina kamar dutse. Na ce gobe zan gaya masa gaskiya. Goben ta zo na ga yadda yake bin ni da ido duk inda na gifta, na ce jibi. Kwana tara bayan nan, da hantsi, Umma tana juya shi ta ji jikin ya saki.

Ba zan ba ku labarin kwanakin da suka biyo baya ba, wanda ya taɓa rasa uba ya sani, wanda bai taɓa ba Allah ya jinkirta masa sani. Mai Alli ya zo gaisuwa kullum. A rana ta uku ya roƙi in ba shi takardar tambayoyin, na miƙa masa ban dube shi ba. Daga nan na daina amsa saƙonsa. Na san ba shi ya riƙe hannuna na goge ba, amma laifi in ya yi wa mutum nauyi yakan nemi wanda zai kama masa. Gwaggo ta yi ta mita, wai zan kori mutumin kirki da baƙin hali, Umma ta ce a ƙyale ni.

Shekaranjiya sakamako ya fito. Na ci. Kiredit ne na can ƙasa, irin wanda maki biyu ke tsayar da shi ko su kayar. Umma ta rungume ni tana kuka, Gwaggo ta ce ai dama ta san za a rina, wai ita tun farko ta ga alamar nasara a goshina. Na kai takardar falo, inda gadon ƙarfen yake har yanzu da katifa a naɗe, na tsaya riƙe da ita ban san wa zan nuna wa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da me na saye ta.

Jiya da la'asar ina goge kabad ɗin da kwalaben magani suka bari da zobe-zobe, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Mai Alli. Babbar takardar zane ce mai ƙananan gidaje, an manna guda huɗu wuri ɗaya, a kai an sake zana gonar tambaya ta tara da girma, an yayyanka ta siri-siri da jan biro. A ƙasa ya rubuta:

“Na taya ki murna, amma ba ita ta kawo ni ba. Tun ranar da na karɓi takardar nan nake son in tabbatar wa kaina ni ke da gaskiya. Na raba gonar yanki hamsin maimakon biyar, don layin ya bi lanƙwasar sosai. Na yi sau uku. Ba ɗari uku ba ce. Ɗari uku da biyar ce da ɗan ɗigo.”

Kafin in gama karantawa wani saƙon ya shigo: “Ni na koyar da ƙa'idar shekara takwas, na san tana ragewa in gefe ya yi ciki, ban taɓa tambayar na wane ne abin da ta rage ba. Na yi wa mutumin dariya a barandarsa, yanzu babu inda zan same shi in ba shi haƙuri. Ki gaya mini abu ɗaya don Allah. Da Baba ne, nawa zai ƙara? Ina ƙofar gida.”

Na zauna a kan ƙarfen gadon. Na gaya wa mahaifina aikinsa na shekara talatin da ɗaya kuskure ne, alhali idonsa daga kan gadon ciwo ya ga abin da sai da aka yanka gona gida hamsin aka gano. Ya tafi yana murna 'yarsa ta tsaya masa, ban kuwa tsaya ba, kuma da na tsaya da takardar sakamakon nan ba ta zo hannuna ba.

Na ɗaga labulen tagar da yake kallon titi ta cikinta. Mai Alli yana tsaye jikin katanga da shuɗiyar rigarsa, takardar a naɗe a hammatarsa. Na rubuta masa kalma ɗaya, biyar, na tura. Ina kallo ya duba wayar. Ya cire tabarau, ya sulale ya zauna a ƙasa da baƙin wandon nan nasa, ya rufe fuska da hannu.

Gwaggo ta leƙo daga kicin ta ce in fita mana, baƙo yana jira. Na yafa mayafi. A bakin ƙofa na tsaya, na miƙa hannu na sauko da jakar Baba na rataya a kafaɗa, na ji nauyin tef da turakun ƙarfe sun bugi ƙuguna. Mai Alli bai san na rubuta biyar ɗin na goge ba, Umma ma ba ta sani ba, ku ne na fara gaya wa. Na zare sakata, ya ɗago jajayen idanunsa, ya dubi jakar kafin ya dube ni.